Turmi da Naman Rago a Ƙasar Adar

Duk wanda ya san ƙasar nan da ke tsakanin Madawa da Buza da Keita, ya san irin tumakin da ake kiwo a cikinta, da albasar da ake haƙa a fadamar Tarka tun daga wajen Karofane har a gangara kudu, da turamen da ba su hutawa a gidajenta daga asuba zuwa faɗuwar rana, lalle zai yi mamaki in aka ce masa curin nama, watau ɗanyen naman rago da ake dakawa da kayan yaji a cura shi ƙanana a soya ko a jefa cikin miya, baƙo ne a wannan ƙasa, bai kuwa daɗe da sauka ba. Babu wani abu daga cikin abin da ake bukata wajen yin sa wanda mutanen Adar suka rasa tun zamanin kakanni. Akwai balami fari sol mai dogayen kunnuwa, akwai uda wanda gabansa baƙi ne ko ja bayansa fari, akwai ara-ara na Buzaye mai dogayen ƙafafu; gishiri yana zuwa daga Bilma a bayan raƙuma, albasa da tafarnuwa suna fitowa a fadama, hannun mata kuwa ya saba da curi, domin babu ranar Allah da ba a cura fura. Duk da haka, da mutanen wannan ƙasa suka tashi saka nama a turmi, sai suka zaɓi su dafa shi tukuna sa'an nan su daka, alhali mutanen Gabas sukan daka shi ɗanye sa'an nan su dafa, kuma a cikin wannan saɓani na gaba da baya akwai labarin yadda aka zauna a Adar shekaru aru-aru.

Mutanen Gabas sun daɗe da wannan sana'a. A birnin Bagadaza, a ƙarni na 10 na Miladiyya, Ibnu Sayyar al-Warraƙ ya tara littafin girke-girken fadar halifofin Abbasiyawa, kuma a shekarar 1226 Muhammadu ɗan Hasan al-Bagadadi ya rubuta nasa, a cikinsu kuwa an yi ta ambaton jan nama da ake dakawa lilis da kayan ƙamshi a dunƙula shi, wani ƙanana wani manya, a saka a romo. Daga can abin ya bazu zuwa Sham da Masar da Magrib da Andalus, har ya zama abincin kasuwa da ake sayar wa talakawa a bakin hanya. Da ya zama na kasuwa kuwa sai algus ya shige shi, kamar yadda yakan shiga kowane abin da mai saye ba ya iya ganin asalinsa. Shi ya sa Ibnu Abdun, wanda ya rubuta risalarsa ta hisba a birnin Ishbiliya na Andalus a farkon ƙarni na 12, zamanin mulkin Murabiɗai, ya ga ya wajaba ya gargaɗi muhtasibi da kada ya bari a yi irin wannan abinci sai da sabon nama, ba da naman dabba mai ciwo da aka saya don araharsa ba. Wannan gargaɗi ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin za mu sake cin karo da ma'anarsa a rumfar mahautan ƙasar Hausa.

Ba kuwa za a ce mutanen Adar ba su san Larabawa da abincinsu ba. Tun wajen shekarar 1674, da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar da yaƙi ya kafa gidan sarautar da daga baya ya zauna a Illela, ƙasar take ɗaure da Abzin, Abzin kuwa ƙofar Sahara ce. Buzayen Lisawan sun zauna wajen Keita, na Kel Geres kuwa sun sauko suka mamaye wajen Madawa, ayarinsu na kai da kawowa tsakanin Bilma da kasuwannin Hausa. A Kano da Katsina da Damagaram akwai fataken Gadamus da na Tarabulus zaune da iyalansu, kuma daga ɗakunan girkinsu ne galibin abincin alkama ya fito ya shiga gidajen sarakuna da attajirai, irin su alkaki da alkubus da gurasa, har yau ga su nan ana kai su gara. Hausawa sun karɓi waɗannan hannu bibbiyu, amma kufta, wadda ita ce curin naman Larabawa, ba ta bi su ta shiga gari ba.

Dalilin da mutum zai fara kawowa a kan haka shi ne zafi, kuma yana da gaskiya, ko da yake gaskiyarsa ba ta cika ba. Tsoka guda in an rataye ta a inuwa iska takan busar da bayanta, cikinta ya zauna lafiya na ɗan lokaci, saboda ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da nama a bisa fuskarsa suke sauka. Amma da zarar an daka shi ɗanye, an mai da bayan ciki, an mai da cikin baya, an gauraya abin da ke kan wuƙa da katako da hannu cikin kowane ɓangare nasa, sai ya zama a cikin bazarar Afirilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, 'yan sa'o'i kaɗan sun isa su sauya warinsa. Sai dai Bagadaza ma garin zafi ce, ba ta kuwa kasa Madawa ba a tsakiyar rani. Bambancin shi ne Bagadaza birni ce da ake yanka kowace safiya, mahauci yana bakin lungu, mai girki yana jira, tsakanin wuƙa da tukunya babu nisa. Adar kuwa ƙasar ƙauyuka ce warwatse a gindin duwatsu da bakin fadamu, inda ake yanka ranar kasuwa, kasuwa kuwa sau ɗaya take ci a mako, mai saye ya ɗaura namansa a gefen jaki ya yi tafiyar rabin yini kafin ya isa gida; ƙasar fatake ce kuma da makiyaya da almajirai da maniyyata aikin hajji, waɗanda tambayarsu game da nama ita ce kwana nawa zai yi a cikin burgami bai lalace ba. Duk dabarun sarrafa nama da wannan ƙasa ta shahara da su amsar wannan tambaya ne.

Mafi shahara a cikinsu kilishi, wanda Madawa ta yi suna da shi a duk faɗin Nijar, har ya zama motar da ta tsaya a tasharta a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ba ta tashi sai an kewaye tagoginta da shi. Busar da nama a rana daɗaɗɗen abu ne, Larabawa suna kiransa ƙadid, ya kuma zo a hadisin Anas cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, romo mai kabewa da ƙadid a gidan wani maɗinki. Amma abin da mahautan Hausa suka ƙara a kai gwaninta ce tasu: mutum ya zauna da tsokar cinya a kan ɗan katako, yana jan wuƙa yana juya tsokar, yana warware ta sannu sannu har ta zama shimfiɗa guda mai faɗi wadda ake hango hasken rana ta cikinta, ba ta tsinke ba, a shanya ta a kan gadon kara ta bushe, a tsoma ta cikin labu, watau kwaɓin tunkuza da kayan yaji da albasa, a sake shanyawa, sa'an nan a ɗan nuna mata wuta. Wanda ya lura zai ga cewa wannan kishiyar daka ce ƙwarai, domin mai daka tara nama yake yi ya dunƙule danshinsa a ciki, mai kilishi kuwa baza shi yake yi don rana ta shanye danshin. A 'yan shekarun nan hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, wadda ke da mazauni a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar rajista da sunan ƙasarsa, kamar yadda ta yi wa jar albasar Galmi.

Kilishi aikin maza ne, na kasuwa. Na cikin gida shi ne dambun nama, kuma nan ne turmi yake shigowa. Uwargida takan zuba tsoka a tukunya da albasa da citta da masoro da kanumfari da gishiri, ta bar shi a wuta har ruwan ya tsotse naman ya yi laushin da yatsa zai iya raba shi, sa'an nan ta juye a turmi tun da zafinsa, ta sa yarinya ta daka. Ba a kuwa yi masa dakan gero na ƙarfi, sai dai kirɓi a hankali har zaren naman ya warwatse ya tashi. Daga nan sai kasko da man gyaɗa, ana juyawa ba a ɗaga hannu, wuta kaɗan kaɗan, domin in ta yi yawa ya ƙone ya yi ɗaci, in an yi gaggawar saukewa kuwa sauran danshi ya sa ya yi fumfuna bayan kwana kaɗan. Wanda aka soya yadda ya kamata yakan yi makonni a cikin kwano mai murfi, shi ne guzurin mai tafiya Makka da na ɗan makarantar kwana, shi ne kuma abin da uwa takan aika wa 'yarta a gidan miji. A ganina babu wani abincin nama da ya fi shi nuna hikimar matan wannan ƙasa, domin da tsoka kaɗan ana cika kwano, tsoho marar haƙori da yaron da aka yaye duk suna ci.

Ranar da nama yake yawa a kowane gida ita ce ranar layya, nan ne kuma mutum zai zaci za a yi wasa da shi a fitar da sababbin girke-girke, amma ta'ada ta bi wata hanya. Wannan ƙasa ta malaman Malikiyya ce tun fil azal, a Maratta ma, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, kuma duk almajirin da ya kai ga Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani ya san cewa a mazhabar Imamu Malik rago ya fi falala a layya bisa akuya da sa da raƙumi, ya san kuma ba a sayar da kome daga cikinta, ko nama ko fata. Ya san har wa yau cewa da farko an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabukatan da suka shigo Madina, daga baya aka yi rangwame aka halatta ci da sadaka da ajiya. A kan wannan rukhsa mutanen Nijar suka gina al'adarsu: a feɗe rago, a buɗe shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera ragunan unguwa kewaye da babbar wuta, su wuni suna gasuwa a tsaye kitse na ɗiga, mutanen gida kuwa su wuni a kan kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, sai kashegari a sauke a sassara, a aika wa surukai da malamai da maƙwabta da mabukata rabonsu, abin da ya saura mata su soya shi ƙarau a cikin kitsensa a zuba a tukunya, a riƙa tsakura har watanni. Naman da aka yi wa haka ya riga ya ga wuta tun ranar farko, babu sauran ɗanyen da za a daka.

Akwai kuma mas'alar amana, wadda ba a cika faɗinta a fili ba. Fawa sana'ar gado ce, tana da Sarkin Fawa a kowace kasuwa, tana da kiɗanta na kalangu, da 'yan dambenta, amma mahauci bai taɓa samun cikakkiyar yarda daga jama'a ba, shi ya sa a wurare da yawa ba shi ne ke sa wuƙa a wuyan dabba ba, malami ake kira ya yanka, shi kuwa ya feɗe ya sayar. Baturen nan Clapperton, da ya zaga kasuwar Kano a shekarar 1824, ya ba da labarin masu tsire zaune sun kewaye wuta da tsinkaye, ya kuma ce ya ga mahauta suna hura nama don ya yi kumari, wasu har suna manna ɗan gashin tunkiya a ƙafar akuya don wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago. To, mutanen da ke duba tsoka su juya ta, su duba launin kitse, su shinshina, su tambayi wanda ya yanka, sa'an nan su yi ciniki, yaya za a yi su karɓi abin da aka riga aka dake, wanda ba a sanin rago ne ko bunsuru, na yau ne ko na jiya, yankakke ne ko mushe? Abin da Ibnu Abdun ya ɗora wa muhtasibi a Ishbiliya, mutanen Adar sun hutar da kansu daga gare shi ta hanyar ƙin sayen abin tun farko. Tsire da balangu da kilishi duka nama ne da ido yake iya shaida.

Kayan yajin da ake barbaɗa wa waɗannan duka su ma matafiya ne. Masoro da kimba daga kurmi suke, sun biyo fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne a can gabashin duniya, bai yi araha ba sai da aka dasa shi a Zanzibar a ƙarni na 19. Barkono da gyaɗa kuwa daga nahiyar Amurka suka ƙetaro a jiragen Turawan Fotugal bayan shekarar 1500, wanda ke nuna cewa kilishi mai labu da tsire mai ƙuli-ƙuli, duk da tsufan da muke ganin sun yi, ba su girmi zuwan gyaɗa ba.

Kada kuma a manta cewa galibin talakawa ba su cin nama sai jefi-jefi. Dabba dukiya ce da ake ajiyewa don ranar bukata, ba a yanka ta sai da dalili, suna ko layya ko babban baƙo, kuma ƙasar ta sha ganin shekarun da garke ke ƙarewa: annobar shanu ta wajen 1891, yunwar 1913 zuwa 1914, farin 1973 da na 1984, wanda a zamaninsa aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya. A gidan da maigida ya sayo kashi guda na nama ranar kasuwa, ƙashin da ke ciki ya fi tsokar daraja wajen uwargida, domin shi ke ba miyar kuka ko ta kuɓewa ɗanɗano, tsokar kuwa a ƙirge take, an san ta maigida, an san ta baƙo.

Curin nama ya shigo ne ta ƙofofi dabam dabam, a hankali, cikin ƙarni na 20. Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa da Ƙwanni da Madawa sai suka ɗauki kuku da boyi daga cikin mutanen ƙasa, waɗannan suka koyi girkin Turawa, har da curin namansu da ake kira bulet, da ɗan injin niƙa nama na hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur, wanda aka ƙirƙiro a Turai a ƙarni na 19. Bayan samun mulkin kai a 1960 girkin ya koma gidajen ma'aikata da malaman lakwal da sojoji. Kwarori, watau mutanen Labanan da Sham, waɗanda suka yawaita a Kano bayan isowar jirgin ƙasa da buɗewar cinikin gyaɗa, sun zo da kibbe, wadda a ƙasarsu a turmin dutse ake daka ɗanyen naman rago da alkama. Alhazai sun ci kufta a Makka da Madina. 'Yan cin rani kuwa, waɗanda Adar ta fi kowace ƙasa a Nijar suna da su, sun ga irinta a Libiya da Aljeriya, ko da yake abin dariya shi ne da yawa daga cikinsu da suka tafi Abijan gashin naman gida suka kai wa mutanen can, har ya zama sana'ar da aka san su da ita. Sa'an nan wutar lantarki da firji da ƙanƙara suka iso manyan garuruwa, babura suka rage nisan kasuwa, rumfunan mahauta suka koma yanka kullum, sai dalilan da suka tsare ƙofa suka raunana ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake yin sa a gida yau ya ɗauki kamannin ƙasar. Mace takan aiki yaro, ko ta gaya wa maigida, ta ce, "Malam, in ka biya wajen Sarkin Fawa a ba ka cinya, ta rago, da ɗan kitse, ban da jijiya." Takan zauna ta tsince farin zaren da ke jikin tsokar da wuƙa, domin shi ne ke naɗe taɓarya ya hana naman haɗuwa, ta yayyanka ƙanana, ta fara daka citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa da gishiri su yi laushi tukuna, sa'an nan ta zuba naman a kai. Albasa ita ce wurin kuskure: ta Tarka da ta Galmi ruwa gare su, in an daka su tare da naman da yawa sai curin ya saki ya watse a cikin mai, don haka gwanaye sukan yanka ta ƙanana su matse ruwan, ko su bar ta sai a miya. Abin da Faransawa ke ɗaure nasu da shi burodi ne da ƙwai, amma mata da yawa a nan garin ƙuli-ƙuli suke barbaɗawa, yana shanye danshi, yana kuma kawo ɗanɗanon tsire wanda harshen mutanen gida ya riga ya sani, ni kuwa ina ganin wannan ya fi. Sai ta shafa mai a tafin hannu ta cura, ta jera a faranti, ta saka a mai mai zafi ba tare da ta taɓa su ba sai gefen da ke ƙasa ya yi ja ya ƙame, sa'an nan ta juya. Daga nan a tsame su a zuba cikin miyar tumatir su ƙarasa nuna har ciki, domin dakakken nama, saɓanin balangu, ba a barin tsakiyarsa da ja.

Inda akwai injin niƙa a kasuwar gari wasu sukan kai can don hutar da hannu, amma da wuya ka ga wadda ta sayi wanda aka riga aka niƙa aka tara. Tsokarta take zaɓa, ta tsaya a kai har a zuba mata a roba. A ƙauyukan da ke kewaye da Karofane kuwa, inda har yanzu ranar kasuwa ce ranar nama, abincin bai wuce na marmari ba, ana yin sa don angon da ya zo gaisuwa, ko ɗan da ya dawo daga cin rani, ko buɗa baki a watan azumi. A azumin ma lokacinsa a ƙayyade yake: ana daka shi bayan la'asar, a soya gab da magariba, a ƙirga shi daidai da kawunan mutanen gida da kwanon da za a kai masallaci, in wani abu ya ragu a ɗumama shi a cinye da sahur.